Sai da ta tambayi inda za ni kafin ta duba aljihuna

Daga Gilasgo nake rubuto muku, 'yan uwa. Abokan aikina ne suka shirya hawan Ben Nevis, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Birtaniya, mita 1,345, a gefen garin Fort William. Mai jagorantar tafiyar ta turo mana jerin kayan da za a zo da su, layin farko kuwa cewa ya yi kada kowa ya sa auduga a jikin fatarsa, wandon jins ma a bar shi a gida. Abin ya tsaya mini a rai. Mu da muka tashi muna jin auduga ita ce lafiyar jiki, yadin roba kuwa sai wanda bai da hali, yau ga shi ana ce mini singiletina ce abin tsoro.

Na shiga wani kantin kayan hawan dutse, na nufi 'yar cikin da na ga ta fi tsada, ta ulu, wajen fam 70. Wata dattijuwa mai aiki a wurin, sa'ar mahaifiyata, ta matso ta gaishe ni. Ba ta yaba rigar ba. Tambayoyi ta shiga jero mini: wane dutse za ka hau? A wane wata? Yini ɗaya ne ko da kwana? Kana da yawan zufa? Ulu yana sa ka ƙaiƙayi? Da na gama ba ta amsa, sai ta karɓi rigar daga hannuna ta mayar inda take, ta miƙo mini wata ta poliyesta wadda ba ta kai fam 15 ba. Ta ce, "Tafiyar yini ɗaya ce, kuma ka ce kana zufa sosai. Wannan ta fi waccan saurin bushewa. Ragowar kuɗin ka sa su a rigar ruwa mai kyau, can ne ba a yin rowa."

Na yi tsaye ina kallonta. Ciniki ya zo hannunta, ita da kanta ta rage shi.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce in ba ta hankicina na auduga, ta shimfiɗa shi kusa da wani ƙyallen gwaji irin na rigar, ta ɗiga wa kowanne ruwa daga gorarta. A kan hankicin, ruwan ya nutse wuri ɗaya ya yi duhu, ya zauna. A kan ƙyallen kuwa sai ya bazu, da'irar tana faɗaɗa tana dusashewa a kan idona. Muka zaga muka duba safa muka dawo, na taɓa ƙyallen na ji saura kaɗan ya bushe, hankicin nan kuwa jiƙe na mayar da shi aljihu. Ta ce duk maganar ke nan. Zaren poliyesta kusan ba ya shan ruwa, abin da yake riƙewa bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, sai dai ya tura zufar waje ta bi iska. Auduga shanyewa take yi ta riƙe. Mai hawan dutse zufa yake ko da ana sanyi, to da zarar ya tsaya hutawa iska ta buge shi, jiƙaƙƙiyar rigar nan za ta fara zuƙe masa ɗumin jiki, domin ruwa ya fi iska saurin ɗauke zafi da ninki kusan 25. Ga shi duk mita 1,000 da aka hau, zafin wuri yana raguwa da kamar digiri 6. Ben Nevis daga kusa da bakin teku ake fara hawansa, wato ƙolinsa ya fi gindinsa sanyi da digiri 8 ko fiye, ban da iska da hazo. Idan zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari: karkarwa, harshe ya yi nauyi, tunani ya rikice, mutum ya kasa gane hanyar da ya biyo. Masu zuwa ceto a duwatsun nan 'yan sa kai ne, ba albashi ake biyansu ba, aikinsu suke bari su fito cikin dare. Ta ce shi ya sa ba ta wasa da maganar rigar da ke manne da fata.

Ulun ma ta ba shi haƙƙinsa. Na tumakin merino ne, asalinsu Sifen, yanzu an fi kiwonsu a Ostareliya da New Zealand. Gashinsu siriri ne ƙwarai, shi ya sa ba ya suka irin ta tsohuwar suwaitar da muka sani. Yana iya shan danshi kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa mutum bai ji shi sharkaf ba, kuma ba ya saurin wari, don haka mai tafiyar kwanaki shi ya fi masa. Lambobin da ake rubutawa a jiki, 150 ko 200 ko 250, nauyin yadin ne a giram kan kowace murabba'in mita: ƙaramar lamba ta lokacin ɗumi, babba ta tsakiyar sanyi. Ta juya rigar bai-bai ta nuna mini ɗinkin kafaɗa, an kwantar da shi an kuma kauce da shi daga inda igiyar jakar goyo take zama, don kada ya goge fata.

Ranar hawan, abin da ta faɗa shi na gani. Tun ba mu yi rabi ba bayana ya jiƙe, amma da muka zauna cin abinci a sama, cikin hazon da ba ka hango wanda ke nesa da kai kaɗan, jikina bai ɗauki sanyi ba.

Kada ku ɗauka komai na nan daɗi ne. Rigar poliyestan nan wari gare ta, ranar farko ma ba ta ƙarewa sai ka ji kana tsarguwa da kanka a cikin mota. Daga baya na sayi ta ulun saboda haka, ita kuma lallaɓa ta ake yi: ba ruwan zafi, ba injin busarwa, ga asu yana sonta, kana ajiye ta a durowa sai ka tarar da 'yan huji a ciki. Fam 70 ɗin nan ku buga da canjin yau ku gani. Sannan matsewa. Dole ta kama jiki in ana so ta yi aiki, mu kuwa ba mu saba ba, ni dai ba na iya fita da ita sai na ɗora wata a kai. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hannun riga. Wanda ya ɗinka ta bai san da alwala ba. Lokacin azahar ya same mu a bakin wani ɗan rafi, ruwan kamar ƙanƙara, ga hannun riga ya ƙi wuce gwiwar hannu, sai da na cire jaket da suwaita na tsaya cikin iska ina fama da shi. Duk wanda zai saya, tun a ɗakin gwaji ya naɗe hannun har sama ya gani. Kuma babu telan da za ka kai wa ka ce ya ɗan sassauta maka nan. Akwai masu gyaran kaya, amma kuɗin gyaran sai ya kusa sayen wata. A nan ne nake tuna telan unguwarmu, wanda ya san faɗin kafaɗata ba sai ya ɗauko awo ba. Nakan tuna igiyar shanya ta tsakar gida, a wanke kaya da hantsi a kwashe kafin la'asar, suna ƙamshin rana. A nan wanki sai ya kwana biyu a rataye cikin ɗaki yana warin danshi.

Amma zancen dattijuwar nan ya ƙi barina. Na kira yayana, wanda ya daɗe a harkar yadi, na ba shi labari. Ya yi shiru, ya ce, "To ai kai, in na yi haka a nan, maƙwabcina ne zai sayar masa da mai tsadar." Na ce, "Yaya, gaskiya ne, amma ni yanzu ko safa zan saya wurinta nake komawa." Mun san halinmu, ba sai na tsawaita ba. Ka tambayi mai kaya ko auduga ce zalla, ya rantse maka tun bai duba ba. 'Yar takardar da ke wuyan riga ba wanda ya yarda da ita, don mun saba ta faɗi abin da ba shi ne ba. A nan doka ce ta wajabta a rubuta irin zaren da kason kowanne, kuma dokar kare masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kayan da ya samu da aibi a ba shi kuɗinsa. Mu kuwa a ƙasan rasit muke buga cewa kaya in sun fita ba sa dawowa. Addininmu ya hana ɓoye aibin haja, a masallaci muna ji, a shago muna mantawa. Wannan yana yi mini ciwo fiye da sanyin garin nan.

Kuma kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce masu hawan dutse don nishaɗi. A zafin Kano ko Maraɗi auduga ita ce daidai, don jiƙewar tata sanyaya jiki take, ban ce a bar ta ba. Amma ɗan acaɓan Jos da ruwan Agusta ya doke shi tun safe ya yini da jiƙaƙƙiyar singileti a ƙirji fa? Direban da ke hawa Mambila da asuba fa? Abin da suke buƙata yana nan kusa da su. Jesin ƙwallon da yaranmu suke yawo da ita poliyesta ce, aikin da take yi ke nan. Dilolin gwanjon da ake kwancewa a Ƙofar Wambai, da yawansu daga ƙasashen sanyin nan suke fitowa, wanda ya iya karanta wuyan riga ya ga an rubuta merino, ya ɗauka kada ya yi jinkiri.

Ɗalibai da ma'aikatan da ke shirin tahowa, ku taho da shaddarku saboda Juma'a da Sallah, za ku so ta. Amma kada ku cika akwati da singileti da sunan maganin sanyi. Ku zo da jesi mai dogon hannu ko biyu, sauran ku bari sai kun iso kun ga irin sanyin garin da aka kai ku.