Cire wa karya mahaifa da allurar haukan kare a Sakkwato: aikin asibiti da aikin shago

Wanda ya saba fita sallar asuba a unguwannin gefen gari irin su Gagi, Kwannawa ko bayan Arkilla ya san yadda karnuka ke taruwa a kan juji, biyar ko takwas, cikinsu har da karya mai jan nono a ƙasa. Ana ce musu karnukan titi, amma akasarinsu suna da gidan da suke komawa idan rana ta ɗaga. Na mafarauta ne, na masu gadi, na 'yan gareji, na masu lambu a fadama, ko na yaron da ya ɗauko kwikwiyo ya ɓoye a kango. Karya kan fara neman barbara tun tana wata 6 zuwa 12, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma da yawa suna haihuwa sau biyu a shekara. A ce kowane ciki 'ya'ya shida, gida ɗaya ya fitar da goma sha biyu ke nan a shekara, alhali mai gidan ɗaya yake so. Sauran a kyautar, ko a zuba su a kwali a ajiye bakin bola.

Daga nan ne mutum yake zuwa yana cewa, "Likita, ta ishe mu da haihuwa, a yi mata allura." Amsar da zai samu ta danganta da ƙofar da ya shiga, kuma ƙofofin uku ne a garin nan: Asibitin Koyarwa na Likitancin Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, asibitin dabbobi na gwamnatin jiha da ke titin Aliyu Jodi tare da likitoci masu rajista da ke zaman kansu, sai kuma shagunan maganin dabbobi da masu yawo da jaka a babur. Hukuncinmu a taƙaice: tiyata a kai ta inda akwai ɗakin tiyata da wurin gwajin jini, allurar rigakafi a yi ta inda akwai firji mai aiki da likita mai sa hannu, allurar hana haihuwa ta shago kuma a guje ta.

Bari mu fara da ta ƙarshen, don ita ce aka fi saye. Abin da ake ɗura wa karya a shago yawanci maganin tazarar haihuwa ne na mata, irin allurar nan ta wata uku. Tana hana neman barbara na ɗan lokaci, shi ya sa mai kare yake ganin kuɗinsa ya yi aiki. Abin da ba a gaya masa shi ne maganin yana kumbura bangon mahaifa, ya rufe bakinta, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Bayan makonni ko watanni sai mahaifar ta cika da mugunya. Karyar ta daina cin abinci, ta dinga shan ruwa kamar ba gobe, ciki ya kumbura, wani lokaci ruwa mai wari ya dinga fita ta bayanta, wani lokaci kuma ba abin da ke fita, wanda shi ne mafi haɗari. Maganinta a nan tiyatar da aka gudu tun farko ce, amma yanzu a kan dabba marar lafiya, da ƙarin ruwa da kuɗi ninki. Idan kuma an yi allurar karyar ta riga ta ɗauki ciki, naƙuda na iya ƙin zuwa, 'ya'yan su mutu a ciki.

Tiyatar kanta ba wani abin tsoro ba ce idan an bi ƙa'ida, kuma a nan ne asibitin koyarwa ya yi fice, don akwai likitocin fiɗa da ɗakin gwaji a wuri ɗaya. Ga abin da ya kamata mutum ya gani da idonsa. Da farko a ɗora karyar a kan sikeli, saboda maganin barci da nauyi ake auna shi. Wanda ya kalli kare ya ce "wannan zai yi kilo ashirin" ya zuƙi magani, wasa yake da rai. Sannan a ɗaga leɓe a duba dasashi, a ɗebi jini. Wannan matakin ne mutane suka fi so a tsallake don rage kuɗi, kuma shi ne bai kamata a tsallake ba a Sakkwato, inda da wuya ka ga karen gida da babu kaska a kunnensa. Cututtukan da kaska ke kawowa suna rage jini, wasu kuma suna hana shi daskarewa. Karya tana iya gudu tana cin abinci lafiya lau, a buɗe cikinta jini ya ƙi tsayawa. Idan gwaji ya nuna haka, a yi magani na makonni a dawo. Likitan da ya ɗaga ranar tiyata saboda wannan dalili ba wahalar da kai yake yi ba.

Ana hana abinci awa 8 zuwa 12 kafin aiki don kada ta yi amai cikin barci ya shige huhu. Ruwa kuwa ba a hana shi tun dare a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40. Likita zai faɗi lokacin ɗauke kwano. Za a aske ciki daga cibiya zuwa ƙasa, a wanke, a tsaga, a ɗaure jijiyoyin jini, a cire gidan ƙwai duka biyun tare da mahaifa, a ɗinke hawa-hawa. Aikin rabin awa ne zuwa awa ɗaya. Kuskuren da aka fi samu daga hannun da bai ƙware ba shi ne barin ɓarɓashin gidan ƙwai, musamman na dama da yake can ciki. Alamarsa, bayan watanni karyar ta sake kumbura, mazan unguwa su sake yin layi a ƙofar gida. Ciki ba zai shiga ba, amma fitinar tana nan, sai an sake buɗewa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ba a so a yi tana cikin neman barbara, don jijiyoyin sun cika da jini. A bari wata biyu zuwa uku bayan ta gama. Mai shayarwa a jira ta yaye, nono ya ƙafe. Manyan karnukan waje gara su kai shekara, ƙashi ya gama girma.

Na namiji ya fi sauƙi da araha: ƙaramar tsaga, a cire 'ya'yan maraina, a ɗaure, a ɗinke. Abin dandaƙar rago da ɗan bijimi, ko zoben robar da ake sa wa ɗan akuya, ba na kare ba ne, duk wanda ya fito da shi a karɓe kare a tafi. Kuma namijin da aka fiɗiye zai iya yi wa karya ciki har kusan wata guda bayan aikin. Sai dai a faɗi gaskiya, wajen rage yawan karnuka fiɗiye namiji ɗaya ba ya canja lissafi, tunda na maƙwabta na nan. Mai kuɗin aiki ɗaya ya kashe shi a kan macen. Amfanin na namiji shi ne rage yawon dare da faɗa, da kuma kauce wa wani ƙari mai zubar da jini a al'aura wanda karnuka ke ɗauka wajen barbara. Ƙarin yana jin magani, allura ce ta jijiya mako-mako har sau huɗu zuwa shida, amma ba ta da araha. Mafarauta kan ce fiɗiyayyen kare ba ya bin zomo. Hanci da gudu ba a maraina suke ba. Ƙiba ce ke kashe masa gudu, ita kuma daga kwano take.

Inda hidimar ta fi rauni, a kowane asibiti, shi ne bayan an sallami dabba, don bayanin da ake yi wa mai ita a tsaye ake yinsa, yana riƙe da igiya. Kwana 10 zuwa 14 ake cire zare. Kafin nan a tsare ta a inuwa, a wuri busasshe, ba kan yashi ba. Lasa ce ke warware ɗinki, don haka a sa mata abin wuya. Idan babu na saye, ƙaramin bokitin roba da aka yanke gindinsa, aka liƙa tsumma a bakin yankan, aka ɗaura a wuya, yana yi. A duba ciwon safe da yamma saboda ƙuda, kwana biyu na sakaci ya isa tsutsa ta shiga. Kada a shafa toka ko baƙin mai. Kada a ba ta ibuprofen ko diclofenac na mutane, suna huda ciki su lalata ƙoda. Wajen kuɗi kuma a tambaya tun farko ko gwajin jini, maganin ciwo da cire zare suna cikin abin da aka faɗa, don a nan ake yawan samun saɓani.

Allurar haukan kare ita ce mafi arha a duk wannan, kuma ita ce ta shafi ran mutum kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ana yi wa kwikwiyo yana wata uku, a maimaita duk shekara. Akwai ta cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, akwai ta waje, dukkansu suna aiki idan an adana su tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta wuni a aljihun jaka a kan babur ba abin dogaro ba ce. A tsaya a ga an fito da ita daga firji ko kula mai ƙanƙara, a duba ranar lalacewa, a karɓi kati mai kwanan wata da lambar kwalba da sa hannun likita. Ranar da karen ya ciji ɗan maƙwabci, katin nan ne zai yi magana. Ko da kati, a wanke cizon da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a kai yaron asibiti a ranar, a tsare karen kwana 10 ana lura da shi. Ƙona gashin kare a shafa ba ya kashe ƙwayar cutar, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani.

Zuba fiya-fiya a nama, wanda unguwa ke yi idan ta fusata, ba ya rage yawan karnuka. Abincin juji da na bayan kwata na nan, don haka cikin 'yan watanni wasu karnukan sun maye gurbi, kuma waɗanda suka ci gubar har da masu rigakafi, da kyanwa, da ungulu. Abin da ke tsayar da cutar shi ne a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, su kuma zauna da rai.

Sai masu kiwon karnukan waje don sayarwa, waɗanda tallarsu ta cika Facebook da WhatsApp. Dokar karnuka da ƙasar nan ta gada tun zamanin Turawa tana maganar lasisi da kama karen da ke yawo, dokar cututtukan dabbobi kuma an sabunta ta a 2022, amma a aikace ba mai zuwa ya ƙirga sau nawa aka sa karya ta haihu. A Ingila mai fitar da haihuwa uku a shekara sai da lasisi, kuma ba a sayar da kwikwiyo kafin mako takwas. A nan ana raba shi da uwa yana mako huɗu ko biyar, a haɗa wa da ƙanwa don launi ya fito, a ɗora shi a mota daga Jos ko Legas ba allura ko ɗaya. Mako guda sai amai da gudawar jini. Wanda ya rayu, idan irin mai gashi ne na ƙasar sanyi, bazara ta gasa shi, idan kuɗin abinci ya gagara a buɗe masa ƙofa ya je ya haɗu da na juji. Mai saye ya nemi ganin uwar, ya ga katin allurar farko ta mako shida, wato ta rigakafin sauran cututtukan kwikwiyo, da maganin tsutsa, kuma ya biya asibiti da kwikwiyon kafin ya kai shi gida.

Abin da duk waɗannan asibitoci ba su iya yi shi ne kai wa ga karen da ba mai kawo shi. Gangamin allura ya fi yawa a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, kwiyakwiyan da aka haifa bayan nan kuwa sai wata shekarar. Hanya mafi sauƙi ga masu karnuka da yawa ita ce haɗa kai: allurar waje tana zuwa a kwalbar kare ɗaya da ta kare goma, ta goman ta fi sauƙi idan aka raba. Shugaban mafarauta ko mai unguwa ya tara karnuka goma ko ashirin, a sa rana da likita, a fara da sanyin safiya, kowane kare da igiya da babban mutum riƙe da shi, a rubuta matan karnukan da za a kai tiyata tun a wurin, a sa musu rana cikin hunturu kafin zafi ya shigo.