Adashi ko Rancen Banki: Wanne Zai Ɗaga Ƙaramin Jari?

Masu ƙananan sana'o'i sun sha tambaya: adashi ko rance?

Adashi babu kuɗin ruwa, babu jingina. Mutum 10 su riƙa zuba naira 5,000 duk mako, mai kwasa ya tashi da 50,000. Sai dai in kwasarka ce ta ƙarshe, kafin ta zo farashin kaya ya hau. Mafi muni, wani ya kwasa ya daina zubi, ga shi ba takarda.

Banki na ba da kuɗi dunƙule, amma sai BVN (lambar tantance mai asusun banki) da mai tsaya maka, kuma biya ba ya jiran ciniki. Mai gudun kuɗin ruwa ya nemi murabaha irin ta bankin Jaiz, wato banki ya sayo kayan ya sayar maka da ribar da kuka amince, ka biya daga baya.

Mai shayi ko mai ƙosai, adashi ya ishe su. Mai son injin niƙa, da tabbataccen ciniki, banki ya fi masa.