Lissafin harajin kashi 15 a wani ofishi na Wuse 2: inda suka iya da inda suka gaza

Wani ofishin masu ba da shawara kan haraji a Wuse 2, Abuja, yana yi wa rassan kamfanonin ƙetare lissafin mafi ƙarancin harajin duniya, wato kashi 15 cikin ɗari na riba da ƙasashe 136 suka amince da shi a Oktoban 2021. Najeriya ba ta sa hannu ba a lokacin, amma dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta shigo da irin wannan ma'auni cikin gida.

Tambayarsu ta farko daidai take: shin cinikin rukunin kamfanonin baki ɗaya ya kai Yuro miliyan 750 a shekara? Daga nan sai su nemi asusun da masu bincike suka sa wa hannu, takardar albashi da rajistar kadarori. Waɗannan biyun na ƙarshe ba don ado ba ne, domin ƙa'idar duniya tana cire wani kaso na albashi da na injina da gine-gine daga ribar da za a ɗora wa ƙarin harajin da zai cike kashi 15, kason da zai sauka a hankali zuwa kashi 5.

Inda suka fi burgewa shi ne bayanin hutun haraji. A kan allo suke nuna maka: kamfani ya ci ribar naira biliyan 10, ya biya kashi 4 saboda rangwame, saura kashi 11, wato biliyan 1.1 kafin a cire wancan kason. In Najeriya ba ta karɓa ba, ƙasar da uwar kamfanin take, misali Faransa ko Jamus, ita za ta karɓa. Abin takaici ne ƙasa mai neman kuɗin asibiti ta yafe haraji ya faɗa baitulmalin Turai.

Gazawarsu kuwa babba ce. Lissafi ɗaya suke miƙa maka, na dokar Najeriya, alhali yadda ƙa'idar OECD, ƙungiyar ƙasashen da ta tsara wannan haraji na duniya, ke auna riba da harajin da aka jinkirta daban ne. Ba sa kuma tambayar ko rangwamen zuba jari za a biya shi tsabar kuɗi cikin shekara 4, wanda shi ke yanke ko za a ƙirga shi cikin riba ko ya rage harajin da aka biya. Duk mai uwar kamfani a Turai ya nemi lissafin biyu a rubuce kafin ya biya kuɗin aiki.