Fiƙar da ta maƙale a dasashi: jawo ta ko cire ta?

Fiƙar sama takan fito wajen shekara 11 zuwa 12. Idan ta maƙale a ƙashi, manyan hanyoyi biyu ne.

Ta farko, likita ya buɗe dasashi, ya liƙa mata ɗan sarƙa, wayar gyaran haƙora ta riƙa jawo ta sannu-sannu. Yakan ci shekara biyu ko fiye, ga kuɗi, ga zirga-zirgar asibiti, amma yaro ya tsira da haƙori mafi tsawon saiwa a bakinsa. Ni na fi son wannan.

Cirewa ta fi sauri, sai dai giɓin yana buƙatar cikewa. Cirewar takan zama dole idan fiƙar ta kwanta can nesa ko ta manne da ƙashi.