Mota mai kafireta tana noƙewa in ka taka totur: me ya kamata ka fara saya?

Motar tana silo lafiya lau, wato inji na aiki tana tsaye ba a taka totur ba, ka ji injin yana kiɗa kamar sabo, amma da ka hau titi ka taka totur sai ta noƙe, ko ta yi tari, ko ta ja kaɗan sannan ƙarfi ya zube kamar an riƙe ta ta baya. Abin da yawancin masu tsofaffin motoci ke yi a nan shi ne su ce kafireta ta mutu, su je su sayo sabuwa. Toh ni dai shawarata ka dakata tukuna. Kafireta ita ce ta fi tsada a cikin abubuwan da ake zargi, kuma sau da yawa ba ruwanta, laifin na wuta ne, wato tartsatsin fulogi, ko na famfon mai, ita dai tana zaune a saman inji kowa na ganinta shi ya sa ake ɗora mata. Kuɗinka na farko ya tafi kan kayan awo, ba kan kayan canji ba.

Amma ma kafin ka sayi komai, ka lura da yadda take noƙewar, don ba iri ɗaya ba ne. In da zarar ka taka take yin shiru na ɗan lokaci sannan ta farfaɗo, ka zargi ɗan famfon nan na cikin kafireta da ke watsa mai lokacin da aka taka totur. Gwajinsa kyauta ne: kashe inji, cire matacin iska, leƙa cikin maƙogwaron kafiretar ka ja totur da hannu, ya kamata ka ga mai ya tsarto da ƙarfi. In ɗiga yake ko babu sam, kaga ka samu mai laifi. Sai dai kafireta irin SU da Zenith-Stromberg na motocin Ingila ba su da wannan famfo, su man da ke cikin ɗan kofin nan na samansu ne ke wannan aikin, in ya ƙafe haka za su riƙa yi, kuma ita Stromberg akwai wata roba a ciki da in ta tsage shikenan motar ba ta da ƙarfi. In kuwa motar tana ja da kyau na ƴan sakanni sannan ta fara mutuwa, in ka sassauta ƙafa ta dawo, to mai ne ba ya isowa yadda ake shansa. In fizga take yi a hawa ko in an yi mata lodi, wuta ce. In kuma ƙarar inji na hawa amma gudu ba ya ƙaruwa, rabu da inji, kuloci ne ke zamewa.

Yanzu kayan awo. In abu ɗaya kawai za ka iya saya, sayi gejin nan mai fuska ɗaya da ke auna zuƙar iska ta inji, wato bakyum, kuma yake auna matsin mai. Ba ya cin batir, ba abin da zai lalace a jikinsa sai tiyo, amma abin da yake faɗa maka ya fi na kayan da suka ninka shi tsada. Ka jona shi a manifol, bututun da ke kai iska da mai daga kafireta zuwa silinda, ƙasa da bakin totur, inji da zafi. Lafiyayyen injin da ba a yi masa sauye-sauye ba yana nuna inci 17 zuwa 22 a fuskar gejin a silo, allura tsaye cak, sai dai in wuri mai tudu ne ka rage kamar inci ɗaya a kowace mita 300 ta tsayi. In allurar ta tsaya amma ƙasa-ƙasa, taimin, wato lokacin da fulogi ke yin tartsatsi, ya yi latti ko iska na shiga ta wata kafa, gaskit ko tiyon da ya tsage. In tana rawa tana faɗuwa a kai a kai, bawul ne. Wanda na fi so shi ne gwajin salansa: ka riƙe inji a kan juyi 2,500 a minti ka zuba ido, in allura ta fara saukowa a hankali a hankali to hayaƙi ba ya samun hanyar fita, salansa ta toshe ko bututun ya lotsa daga ciki, kuma wallahi wannan ciwon ana iya canza kafireta uku ba a gano shi ba, don a silo ba ya nuna komai.

Sai ka juya gejin ɓangaren mai. Kafireta ba ta son matsi da yawa. Irin su Holley da Edelbrock suna aiki a kan psi 5 zuwa 7 (psi ma'aunin matsi ne), Weber kamar 3, SU ma ƙasa-ƙasa take so. Shi ya sa in za ka saya, ka duba fuskar gejin ta tsaya a psi 10 ko 15, kar ka ɗauko na motocin injekta mai kaiwa 100, allurarsa ko motsi ba za ka gani ba. Kuma matsi kaɗai bai isa ba, famfo zai iya nuna matsi mai kyau a silo amma yawan man da yake turowa bai kai ba. Cire tiyon da ke kawo wa kafireta mai ka sa a kwalba, a waje, nesa da wuta da abin kashe gobara a kusa, ka tayar da inji ka ga ko famfon zai ba ka kusan rabin lita a cikin sakan 30 zuwa minti ɗaya. In bai kai ba kar ka yi saurin zagin famfo, duba filta, duba ragar da ke cikin tanki don tsohon tanki tsatsa ce fal, sannan ka buɗe murfin tanki bayan ta noƙe, in ka ji ya ja iska fuuu to kafar numfashin tankin ce ta toshe.

Na biyu a sayayya shi ne fitilar taimin. Iri biyu ce, akwai mai walƙiya kawai, akwai mai ɗan maɓalli a baya da kake murɗawa ya nuna maka digiri. Mai walƙiya kawai ta ishe ka saita taimin a silo, amma matsalarmu ai ba a silo take ba. Abin da kake son sani shi ne ko taimin yana gaba in juyi ya hau. A cikin distiributa akwai wasu ƴan ƙarafa biyu da sifirin da ke buɗewa in inji ya ɗau gudu, in suka yi shekaru ba mai sai su cije, sai motar ta zama kamar mai ciwon ƙafa. Injuna da dama suna kaiwa digiri 30 da wani abu in juyi ya kai wajen 3,000, amma ainihin lambar motarka tana littafinta, kar ka ɗauki ta wani. Don haka ni mai maɓallin zan ce ka saya in hali ya yi. In bai yi ba, mai arhar ma za ta yi, sai ka auna fuli ka sa alamun digiri da farin fenti, ko ba komai za ka ga alamar tana gudu ko tana tsaye in an taka.

Mita ta lantarki kuwa kusan kowa na da ita, sai dai in za ka sayi sabuwa nemi wadda ke auna dwel da juyin inji, saboda masu kontak, ɗan makunnin nan na cikin distiributa, dwel kuwa shi ne tsawon zaman da yake yi a rufe. Da ita za ka auna koyil: mai aiki da balas, ɗan abin da ke rage masa wuta, wajen om 1.5 ne, wanda ba balas wajen om 3, kuma haɗa su ba daidai ba ko dai ya ƙona kontak ko ya ba ka wuta mai rauni. Dalilin da wuta mai rauni ke ɓoyewa a silo shi ne in ka buɗe totur matsin cikin silinda na ƙaruwa, tartsatsin na buƙatar ƙarfi fiye da da kafin ya tsallake bakin fulogi, sai koyil ko waya ko murfin distiributa mai tsaga ya gaza daidai lokacin. Ɗan abin gwada tartsatsi mai daidaita tazara ba shi da tsada, shi ma ka haɗa da shi.

Gejin kwamfireshan, mai auna matsin cikin silinda, ka ara in za ka iya, don ba kullum ake buƙatarsa ba. In saya za ka yi, ɗauki mai zare da ake ɗaurawa a ramin fulogi, mai bakin roba da ake dannawa da hannu yana zubar da iska. Bambancin silinda da silinda kar ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Akwai kuma na'urar nan da ake sa wa a salansa tana nuna rabon iska da mai kana tafiya, iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya shi ne daidai-wa-daida, in an taka sosai ana son 12.5 zuwa 13. Tana da daɗin aiki ba ƙarya, amma yawanci sai an huda bututu an yi walda, kuma ta mai son canza jet, ƴan ramukan da ke tsara yawan man da kafireta ke bayarwa, yana gyaran ƙarfi ce, ba ta mai neman laifi ɗaya ba.

Toh a ce awo ya nuna kafireta ce da gaske. Kit ɗin gyara ko sabuwa? Kama sandar totur ka girgiza ta sama da ƙasa. In ba ta wasa sosai kuma jikin kafiretar bai lanƙwashe ba bai tsage ba, kit ya ishe ka, gaskit ne da allurar fulot, abin da ke tsayar da mai in kofin kafireta ya cika, da robar famfo, ka wanke hanyoyin ka hura iska ka saita tsayin fulot yadda littafi ya ce. Ka sayi kit da lambar da ke jikin kafiretar, ba da sunan mota ba, don mota guda kamar Peugeot 504 ko Volkswagen Beetle ta fito da kafireta iri-iri a shekaru daban-daban, kuma ba mamaki wani ma ya taɓa canzawa kafin ta zo hannunka. Ka kuma tambaya ko robobin suna jure mai mai gaurayen etanol, don tsohuwar roba kumbura take yi. In sandar na wasa, iska na shiga ta nan, kit ba zai magance ba, sai a sa mata bushin ko a canza. Su kuma kwaikwayon nan masu arha marasa suna, wasu suna aiki, amma jet ɗinsu sau da yawa bai dace da injinka ba, lambar da aka buga a jiki ma ba lallai ta zama gaskiya ba, sai ka wayi gari da ciwo biyu. Asali da aka gyara ya fi min su. Kuma kar a ruɗe ka da babbar kafireta wai ƙarin ƙarfi, in ta fi ƙarfin injin iska na tafiya a hankali a maƙogwaronta, ba ta jan mai da kyau, noƙewar ma ƙaruwa take.

Famfon mai, na inji ko na lantarki? Na inji ya fi sauƙi, ba waya, in inji ya tsaya shi ma ya tsaya. In robarsa ta fashe yana iya zuba fetur cikin baƙin mai, don haka ka shinshina sandar awon mai. Na lantarki yana taimakawa in motar tana yawan kwana ba a tayar ba ko zafi na tafasa mai a layi, amma a kusa da tanki ake ɗaura shi don turawa ya iya ba ja ba, kuma dole ya zama mai ƙaramin matsi ko ka haɗa da regileta, da rile, da abin da zai yanke masa wuta in an yi haɗari. Wanda ya sa ba tare da wannan ba yana wasa da gobara.

Saura kontak da kwandansa, ko a cire su a sa na lantarki irin su Pertronix. Na lantarkin ya hutar da kai saitin tazara, kuma in kwandansan da kake samu ba sa daɗewa to ya cancanta. Amma abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne ba ya gyara ƙarafan taimin da suka cije, ba ya gyara sandar distiributa mai wasa, kuma dole koyil ya dace da shi, wasu ma in ka bar makulli a kunne inji a kashe suna ƙonewa. In ka sa, tsohon kontak da kwandansa da ƙaramin sukundireba su zauna a cikin mota, don shi in ya mutu a hanya ba gargaɗi yake ba.