Systemd ko PM2, wanne zai riƙe maka bot a sabar?

Ɗan'uwa mai bot ɗin Python da ke mutuwa da zarar an rufe SSH (hanyar shiga sabar daga nesa), tsakanin PM2 da systemd da ka tambaya, wato manhajoji biyu masu riƙe shiri yana gudana a sabar, ɗauki systemd kawai.

Yana nan cikin sabar ɗinka tun farko, domin Ubuntu da Debian sun koma kansa tun 2015. Shi ke tayar da komai idan na'ura ta kunnu. Buɗe fayil a /etc/systemd/system/bot.service ka zuba wannan:

[Service]
User=bot
WorkingDirectory=/home/bot/app
ExecStart=/home/bot/venv/bin/python -u main.py
Restart=always
RestartSec=5

[Install]
WantedBy=multi-user.target

Sai ka buga sudo systemctl daemon-reload, sannan sudo systemctl enable --now bot. Shi ke nan. Ko da tsakar dare bot ya faɗi, bayan daƙiƙa 5 an tashe shi, kai kana sharar barcinka.

Kar ka raina layin RestartSec. In babu shi, systemd zai yi ta tayar da bot ɗin ba ƙaƙƙautawa, kuma da ya yi sau 5 cikin daƙiƙa 10 sai ya haƙura ya bar shi a kwance. In ka ga kuskuren 203/EXEC, galibi hanyar da ka rubuta a ExecStart ce ba daidai ba. Rubuta ta cikakkiya tun daga tushe, kuma ta Python ɗin cikin venv (keɓaɓɓiyar foldar da ka girka laburaren bot a ciki), in ba haka ba zai ce bai ga laburaren da ka girka ba. Wancan -u ɗin kuwa shi ke sa saƙonnin bot su fito nan take a journalctl -u bot -f. Kar ka bar bot ɗin ya gudu a matsayin root, wato asusun da ke da cikakken iko a sabar, don Allah.

PM2 ba laifi ga masu Node (manhajar gudanar da JavaScript a sabar), amma sai ka girka Node ɗungurungum, kuma in ka manta pm2 startup da pm2 save, ranar da sabar ta sake kunnuwa babu abin da zai tashi. Shi ma PM2 ɗin kansa systemd ne ke tayar da shi.

Sannan a kula da masu tallar VPS (sabar haya da kake da cikakken iko a kanta) mai araha a WhatsApp. Wasu masaukin haɗaka (inda mutane da yawa ke raba sabar ɗaya) mai cPanel suke sayarwa da sunan VPS, inda ba root ba systemctl. Wasu kuma asusun gwaji na kyauta ne, wa'adi na cika a rufe shi da kayanka a ciki. Kafin ka biya, ka ce a ba ka shiga ta SSH, ka buga ps -p 1 -o comm= da sudo -v. In na farko bai nuna systemd ba, ko na biyu ya ƙi, riƙe kuɗinka.