Gina masana'antarka ko ba da kwangila: Intel da AMD

Masu karatu sun sha tambayata wace hanya ta fi wajen wadata kasuwa da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta: ta kamfanin Intel ko ta kamfanin AMD.

Intel da kansa yake ƙera yawancin kayansa, a Arizona da Oregon da Ireland. AMD kuwa ya rabu da masana'antunsa a 2009, yanzu zane yake yi, kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera masa.

Ta fuskar kuɗi, hanyar Intel na da nauyi ƙwarai. Masana'antu biyun da ya sanar a Arizona a 2021, dala biliyan 20 aka ware musu.

Haɗarin ne ya fi damuna. Da sabuwar fasahar ƙera firosesa ta 10nm ta yi wa Intel jinkiri, sai aiki ya cunkushe a layin tsohuwar fasahar 14nm, kaya suka yi ƙaranci, har ya nemi afuwar abokan cinikinsa a 2019. Shi kuma AMD layi yake bi a TSMC tare da kamfanonin Apple da Nvidia, ga haɗarin girgizar ƙasa a Taiwan da zaman ɗar-ɗar tsakanin Taiwan da Sin.

Kamfani mai jari da tabbataccen ciniki, masana'antarsa ta fi masa. Wanda ƙarfinsa ke wajen zane, kwangila ta dace da shi.